Farantan da Na Zubar daga Aksil ɗin Modu

Jiya wani daga cikinku ya turo mini waya har kan hanci, wai in kalli yadda wani Bature yake sheƙa gudu da a-kori-kura a kan ƙanƙara, tayoyin baya duka biyu suna watsa farin abu kamar garin rogo. Ya ce, "Baba Isa, ai gyaran nan ba wuya, cikin minti goma mutumin ya haɗa shi." Minti goma. To ku jawo benci ku zauna, ku ji yadda abin nan ya ci mini damina uku, ya kusa tashina daga garin Gashuwa.

Sunana Isa, amma a tasha in ba ka ce Isa Aksil ba, ba wanda zai nuna maka ni. Ba na taɓa inji, ba na taɓa wayar wuta. Aikina daga farfela ne zuwa tayoyin baya. A Nguru na koya, wajen Ba Kyari, wani dogon Babarbare da yake koyarwa da Hausa, in ya zo zagi ya koma Barbarci don ya fi masa daɗin baki. Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: jak guda, sifanu, gudumar tagulla, da wata doguwar sukuddireba da yake kafawa a jikin aksil ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraren tafsiri. Sai kuma jan-baki. E, jan-baki na mata. Shi yake shafawa a haƙoran giya ya juya, inda jan ya goge nan haƙori yake cizo. Ni yake aika sayowa, kuma mai kantin ba ta taɓa yarda cewa na mota ne ba.

Aikin farko da ya nuna mini, wata tsohuwar a-kori-kura ce ta masu kai gero Machina. Ya ɗaga bayanta duka, ya ce in juya tayar dama gaba. Na juya. Sai na ga ta hagu tana juyawa baya. Na saki tayar na yi tsalle gefe, ina cewa motar nan da mutanen ɓoye a ciki. Ya ɗauki tsumma ya jefe ni. Ya ce in mota za ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya, dole a bar kowace ta yi gudunta, in ba haka ba ƙarfe ya karye. Tukunyar nan da ke tsakiyar aksil ita ke raba musu ƙarfi. Amma ya ce tukunyar sakarai ce, tayar da ta fi raki ita take bi. In ɗaya ta faɗa rairayi ko taɓo ta rasa abin takawa, sai ta kwashe juyin duka ta yi ta walwala a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai ƙarfi tana tsaye tana kallo kamar ba da ita aka zo ba. Wannan shi ne kafewa. Duk direban da ya ce muku injinsa ne ba shi da ƙarfi, ku leƙa ƙasa, za ku ga taya ɗaya ce take haƙa wa motar kabari.

Shekara bakwai na yi a hannunsa, na dawo Gashuwa na buɗe nawa garejin, ina ganin babu abin da ya rage a cikin aksil da ban sani ba.

Motar da ta kunyata ni ta Modu ce. Modu direba ne a hanyar Yusufari, yana wucewa har ƙauyukan da ke bayan tuddan rairayi. Ku da kuka tashi da kwalta ba ku san hanyar nan a lokacin ba. Kowace mota da shebur, da katako, da tsohuwar tabarma. Fasinja ya san in ya biya kuɗin mota, turi ma yana cikin tafiyar. Amma motar Modu ba ta kafewa. Inda mota biyar suka nutse har ciki, shi zai ratsa ta gefe yana ɗaga musu hannu. A jikin madubinsa akwai wata laya da Malam Goni na unguwarsu ya rubuta masa, kuma Modu ya gaya wa duk tasha cewa ita ce sirrin. Direbobi suka yi layi a zauren malam, kowa ya karɓo tasa, suka ci gaba da kafewa. Modu ya ce ai ba sa sallah a kan lokaci ne.

Wata Talata ya kawo mini ita, ya ce in ya sha kwana a hankali bayanta yana gurnani, yana kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Na zubar da mai, na kwance tukunya, na buɗe. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Bayan ƙananan giyoyin da ke cikinta, kowane gefe an jera wasu siraran farantai na ƙarfe, ɗaya kan ɗaya kamar an tara faifai, da wani sifirin yana danne su. Na juya su, na shinshina, na ɗaga su a rana. Nguru ba nisa, Ba Kyari yana nan da ransa, mota ɗaya zan shiga in tambaye shi. Amma mai gareji guda ya koma wajen maigidansa da faranti a hannu? Na ce a raina wani makaniken banza ne ya cusa su don ya cike giɓi, kuma su ne ke kukan. Na zare su duka, na cike wajen da washa, na zuba man giya irin wanda nake zuba wa kowa, na ɗaure. Muka zaga gari, shiru kake ji. Modu ya ce hannuna da albarka. Farantan kuwa, da 'yan gwangwan suka zo ran Juma'a na haɗa musu da su.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, Modu ya kafe. Bai ma kai Yusufari ba. Kuma ba a ɓoye ya kafe ba, a daidai inda kowa ke wucewa. Direbobin da ya shekara yana ɗaga wa hannu suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ba don su taimaka ba. Wani ya leƙo ya gaishe shi da Barbarci ya ce, "Wushe, Modu, layar ce ta yi barci?" Modu ba shi da shebur, bai taɓa saya ba. Da kwanon wata fasinja aka haƙe shi.

Bai zo wajena ba. Zauren Malam Goni ya nufa da layar a hannu, ya ce an ba shi rubutu mai ƙarewa kamar batir. Unguwa ta taru. Washegari da hantsi sai ga malam da kansa a garejina, da sandarsa, ya tsaya nesa da baƙin mai don kada ya taɓa masa riga.

Ya ce, "Isa, ni addu'ar tsari na rubuta wa mutumin nan. Ban taɓa ce masa takarda tana tura mota ba, shi ya ƙara wannan. Amma shekara huɗu ba ta kafe ba, ta kwana a nan ta fara. Me ka cire?"

Na ce, "Allah gafarta malam, mai kawai na canza."

Ya dube ni, ya dubi hannuna, ya ce, "To, Allah ya sa man ne." Ya juya ya tafi.

Shekarar da ta fi muni ita ce ta biyu bayan wannan, wadda kogi ya cika ya haura fadamu. Hanyar Jakusko ta koma kunu. Motoci suna kwana biyu a wuri ɗaya, kifi yana ruɓewa, barkono yana yin baƙi a buhu. Wani direba ya dawo daga tsallaken iyaka ya ce can walda suke yi wa ƙananan giyoyin, su manne su wuri ɗaya, tayoyin biyu su riƙa juyawa tare dole. Na gwada a motarsa. Ta shiga taɓo ta fita kamar tarakta. Kafin sati biyu garejina ya fi tasha cika. Na ɗauko mai walda muka yi ta ƙona aksil ɗin mutane tun safe har la'asar. Aka fara kirana injiniya, na sayi sabuwar hula. Modu ma ya kawo tasa, na manne ta, ya ce wannan karon ya gane ba laya ba ce, ilimi ne.

Sai ruwa ya janye, ƙasa ta bushe, motocin suka hau kwaltar Nguru da lodin gero. Taya biyu da aka ɗaure su tare ba sa iya shan kwana, sai ɗaya ta ja ƙasa. Ka ji mota tana kuka a kwana kamar an taka kare. Tayoyi suka fara siɗewa cikin wata guda. Daga nan shaf ya fara karyewa, yau na wannan, gobe na wancan. Na Modu ya karye a gangaren gada, da raguna cike a baya, motar ta juya ta jingina da ƙarfen gefe. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu, rago ɗaya ne ya karye a ƙafa aka yanka shi nan take. Amma magana ta gama gari. Injiniya ya koma Isa Walda. Mutum ya gwammace ya ja motarsa da igiya har Nguru da ya shigo da ita wajena. Ranin nan kaf baro na riƙa gyarawa, da keken ɗinki, da injin markaɗe.

Abin da ya fitar da ni, tafiyar da na yi Kano neman shaf mai araha, ko zan lallashi mutum biyu su dawo. A kasuwar kayan mota na shiga rumfar wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo, wanda Hausarsa ta fi tawa. Yana da aksil 'yan Beljiyam jere a ƙasa. Na sa ƙafa na juya kan ɗaya, sai na ga ɗaya gefen ya bi shi gaba, bai juya baya ba.

Na ce, "Oga, wannan an yi masa walda, kada ka sayar wa mutane."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya sa aka buɗe murfin, ya haska mini. Ga farantan nan, ɗaya kan ɗaya, da sifirin ɗinsu.

Ya ce, "Wannan na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba ne. Can hanya tana yin santsi kamar an zuba kuɓewa. Farantan nan suna riƙe tayoyin biyu, in ɗaya ta fara walwala sai su ciza, su tura wa ɗayar rabonta. In an zo kwana kuma sai su ɗan saki. Bai ɗaure ba, bai sake ba."

Na ce, "To in yana gurnani a kwana fa?"

Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wata 'yar kwalba da ba ta fi ta turare ba. Ya ce, "Mai ne bai dace ba. Ka zuba wannan a cikin man, ka zaga sau biyar hagu, sau biyar dama, ya yi shiru. Wasu jahilan makanikai cire farantan suke yi su zubar."

Na ce, "Kai, mutane ba su da tsoron Allah."

Na nemi wuri na zauna a kan wata taya. Dattijon ya ci gaba. Ya ce tayoyin baya su zama girma ɗaya, in ba haka ba farantan za su yi ta goga har su ƙone. Ya ce in taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya, ƙarfinsu ba ya isa, sai an ɗan ja birkin hannu an ba ta abin turewa. Ya kuma ce in gaya wa direba ya yi hankali da ƙafarsa, domin a wuri mai santsi in tayoyin biyu suka walwala tare, babu mai riƙe gindin motar, zai zame gefe. Ban sayi shaf ko ɗaya ba. Abin da na zo da shi duka na juye a kan aksil ɗin nan da kwalba biyu.

Da na dawo na sami Modu a tasha yana zaune a inuwa, motarsa tana kan duwatsu. Na ce ya raka ni zauren Malam Goni, akwai magana. Muka zauna, na faɗi komai, tun daga farantai har 'yan gwangwan. Modu ya sunkuya a hankali ya cire takalminsa. Na san ba sallah zai yi ba, na miƙe na koma bayan malam. Malam kuwa dariya yake har rawaninsa ya kwance.

Modu yana huci ya ce, "Ni ka sa na zagi malamina a gaban unguwa! Ni ka sa aka haƙe ni da kwano!"

Malam ya ce, "Zagin kai ka yi shi da bakinka, Modu, mayar da takalminka. Shi kuma ya kawo maka aksil, a bar shi ya ɗaura mu gani."

Kwana biyu na yi ina ɗaura shi. Na wanke komai da kananzir, na shafa jan-baki na duba cizon haƙora sau uku, na sa Modu ya nemo tayoyi biyu iri ɗaya, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara tuƙi. Na zuba mai da kwalbar nan. Damina ta riga ta sauka, don haka a taɓo za a gwada shi, ba a rairayi ba. Modu ya ce ba zai tafi ba sai da ni a gidan gaba. Ya ce in ta kafe, ni kaɗai zan tura.

Lodin ranar na Hajiya Fanna ne, dillaliyar banda, wadda duk masuntan yankin Jakusko suke tsoron bakinta. Kwali-kwali na kifi muka ɗauko daga wani ƙauye, kuma dole su riski babbar motar Kano da ke tashi daga Gashuwa bayan la'asar. In suka kwana a wannan laima, sai fumfuna. Ta shigo gaba ta zauna tsakaninmu, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ba shi ne mai waldar ba?" Modu ya ce shi ne. Ta ce, "Innalillahi."

Ramin farko mun tarar da mota huɗu a ciki, fasinjoji sun naɗe wando suna turi. Na ce wa Modu ya sa giya ta biyu, ya ɗora tayar dama a kan ciyawar gefe, ya bar ta hagu a cikin taɓon, kada ya danna totur da yawa. Muka shiga. Na ji ta hagu ta fara sulɓewa. Sai na ji bayan motar ya yi wani ɗan nishi, ta dama ta kama ciyawa, muka fito a hankali kamar saniya ta tashi daga kwance. Masu turi suka tsaya suna kallo da baki buɗe.

Nan Modu ya lalace. Ya zura kai ta taga yana kiran direbobin da sunayensu, yana tambaya ko a aiko musu da katifa. Rami na biyu ya wuce, na uku ya wuce yana waƙa. Muka hau wata 'yar siririyar hanya da aka ɗaga da jar laka, fadama hagu da dama, ga santsi. Na ce, "Modu, sassauta ƙafa." Ya ce, "Kai ka san ƙarfe, ni na san hanya." Ya danna. Tayoyin biyu suka walwala tare, gindin motar ya zame ya wuce mu ta hagu, muka tsinci kanmu muna kallon inda muka fito. Tayar hagu ta baya tana lilo a kan ruwa, ba ta taɓa komai, kwalayen kifi sun karkata sun yi gefe guda.

Hajiya Fanna ba ta yi ihu ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ɗaya ya iya ɓata mota, ɗaya ya iya ɓata hanya, ni kuma na rasa wanda zan ba kifina sai ku. Wallahi in kwali ɗaya ya taɓa ruwa, ku biyun zan shanya a kan waya in kai Kano."

Modu ya danna totur, tayar da ke sama ta yi ta fyaɗa iska, ɗayar ko motsi. Ya juyo ya ce, "Ga farantanka nan."

Na sauka. Laka ta kama ni har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi, har yau bai dawo ba. Na rage iskar tayar da ke ƙasa don ta baje. Na ce masa ya ja birkin hannu ƙas, ƙas, ƙas, sau uku kawai, ya sa giya ta biyu, ya taka totur kamar yana taka ƙwai. Ya ce wane mahaukaci ne yake jan birki yana son mota ta tafi. Hajiya ta ce, "Ja, don ubanka." Ya ja.

Na koma baya na sa kafaɗa. Tayar sama ta juya, birki ya riƙe ta, farantan suka ciza. Sai ta ƙasa ta motsa. Ta ɗan sulɓe, ta sake kamawa, motar ta yi gaba taku ɗaya, biyu, tayar hagu ta dafa bakin hanya, sai ga motar a kan hanya gaba ɗaya. Abin da tayoyin nan biyu suka kwaso na laka kuwa, duk a jikina suka sauke, daga hula har ƙafa. Modu bai tsaya ba sai da ya kai busasshiyar ƙasa, ya juya motar, ya jira ni ina tafe ina ɗingishi da takalmi ɗaya. A baya suka sa ni, cikin kifi.

Mun riski motar Kano ana ɗaure tamfol. Hajiya ta ƙirga kwalayenta cif, ta ɓalle ɗaya ta zaro manyan tarwaɗa biyu ta miƙo mini daga nesa, ta ce in je in yi wanka kafin yara su fara jifana. Kafin sati ya zagayo, duk direban hanyar Yusufari da Jakusko ya zo yana tambaya ko akwai sauran aksil mai faranti. Na koma Kano sau huɗu a daminar nan. Wanda bai samu ba na ce ya sayi shebur ya rage iskar taya, amma walda kam, ko da kuka ya zo ba na yi.

A ranar, bayan kowa ya watse, Modu ya ja ni gefe. Ya ce, "Isa, na yafe maka. Faranti ka sayar wa duk wanda kake so. Amma maganar birkin hannun nan, kada ka gaya wa kowa. Wannan nawa ne."

Na yi masa alkawari, na kuma riƙe shekara da shekaru, sai yau. Ga shi can a kan bencin mai shayi, tsohon nan mai farin gemu da yake gyangyaɗi. In za ku fita ku bi ta baya, kuma ku ɗaga ƙafa, don har yanzu da takalmi yake zuwa.